Tutar Dakarun Tennessee a Yaƙin Creek na 1813 zuwa 1814: Tambayoyi da Amsoshi

Ɗaliban tarihi, da masu sha'awar tsofaffin tutoci, da waɗanda suka ga hoto kawai a intanet, sukan maimaita tambayoyi iri ɗaya a kan tutocin da dakarun jihohin Amurka suka ɗauka lokacin yaƙinsu da al'ummar Creek. Ga su nan an tattara, daga masu sauƙi zuwa masu zurfi. Ba a raba labarin tutar da labarin mutanen da aka kai ta ƙasarsu ba, domin wanda ya san ɗaya bai san ɗayan ba, rabin magana ya ji.

Wace tuta ake magana a kai?

Wadda aka fi yaɗa hotonta ita ce ake dangantawa da bataliyar birnin Nashville na jihar Tennessee a 1813. Tana ɗauke da hoton gaggafa, alamar Amurka, da taurari, da wani kirari na Turanci mai ma'anar cewa Allah ne ke ɗamarta mai kishin ƙasa. Ba tutar Amurka ba ce, ba kuma tutar jihar Tennessee ba ce, domin sai a 1905 jihar ta amince da tutarta mai taurari uku da ake gani yau. Tutar runduna ce guda, wadda mutanen gari suka yi wa 'ya'yansu masu tafiya fagen fama. Irinta suna da dama a lokacin, kowace da nata zane. Wasu kan rikita ta da tutocin Yaƙin Basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, amma tsakaninsu akwai kusan shekara 50.

Su waye Creek?

Su da kansu Muscogee suke kiran kansu. Creek suna ne da 'yan kasuwar Ingila suka laƙaba musu. Haɗakar garuruwa ce masu cin gashin kansu a ƙasar da yanzu ta zama Alabama da Georgia. Garuruwan sama suna bakin kogunan Coosa da Tallapoosa da Alabama, na ƙasa kuma suna bakin Chattahoochee da Flint. Manoman masara ne da wake da kabewa, suna farautar barewa su sayar da fatu, yaro kuma dangin uwarsa yake bi. Kowane gari yana da dandalinsa da wutarsa mai alfarma, wadda ake sabuntawa duk shekara a bikin sabuwar masara.

Zuwa 1810 wasunsu sun yi arziki ta hanyar kiwon shanu da noman auduga, suna da bayi baƙaƙe, suna auratayya da Turawa. Wakilin gwamnatin Amurka a yankin, Benjamin Hawkins, shi ke ƙarfafa wannan sauyi. Sauran jama'a kuwa bashi ya yi musu katutu, barewa ta yi ƙaranci, ƙasa tana ta zaizayewa daga hannunsu ta hanyar yarjejeniyoyin da 'yan tsirarun shugabanni ke sa wa hannu.

Me ya haddasa yaƙin?

Da farko rikicin cikin gida ne. A 1811 gwamnatin Amurka ta faɗaɗa wata hanya da ta ratsa tsakiyar ƙasar Muscogee, baƙi suka riƙa kwarara da kekunan shanunsu. A watan Satumba na shekarar Tecumseh, jagoran Shawnee, wata al'ummar 'yan asalin ƙasar daga arewa, ya zo garin Tuckabatchee yana kiran dukkan 'yan asalin ƙasar su haɗa kai. Bayan tafiyarsa aka yi girgizar ƙasar New Madrid daga Disamba 1811 zuwa Fabrairu 1812, mutane da yawa suka ɗauke ta a matsayin gargaɗi. Malaman gargajiya irin su Josiah Francis suka tashi suna wa'azin a koma wa hanyar iyaye da kakanni. Mabiyansu aka sani da Masu Jan Kulki, saboda kulkin yaƙinsu da ake shafa wa jan launi. Sun riƙa yanka shanu da aladu, suna kashe shugabannin da suke ganin sun sayar da al'umma.

Amurkawa sun shigo ne ranar 27 ga Yuli 1813 a rafin Burnt Corn. Peter McQueen, ɗaya daga cikin jagororin Masu Jan Kulki, da mutanensa suna dawowa daga Pensacola, wadda ke hannun Sifaniya, ɗauke da albarushi, sai dakarun yankin Mississippi kimanin 180 ƙarƙashin Kanar James Caller suka far musu. Dakarun suka tsaya kwasar ganima, Masu Jan Kulki suka juyo suka fatattake su. A tuna kuma cewa tun Yuni 1812 Amurka tana yaƙi da Birtaniya, shi ya sa kowane motsi na Muscogee ake kallonsa a matsayin hannun Ingila.

Ina ruwan Tennessee da rikicin da ba a ƙasarta yake ba?

Fort Mims ne ya jawo ta. Shinge ne na gungume da aka kewaye gidan Samuel Mims da shi a arewacin Mobile, inda ɗaruruwan mutane suka fake: Turawa, da ruwa-biyu 'yan Muscogee, da bayi. Ranar 29 ga Agusta 1813 wasu bayi biyu da ke kiwo suka ce sun ga mayaƙa a jeji. Kwamandan, Manjo Daniel Beasley, bai gaskata su ba, har aka yi wa ɗaya bulala. Washegari da tsakar rana William Weatherford, wani jagoran Masu Jan Kulki, da mayaƙa kimanin 700 suka shigo ta ƙofar da aka bari a buɗe. An kashe aƙalla mutum 250, ciki har da mata da yara, aka kama wasu kimanin 100. Kisa ne mai muni, kuma ba wani abin da aka yi wa Muscogee kafin nan ko bayan nan da zai wanke shi.

Labarin ya isa Nashville an ninka adadin matattun. Gwamna Willie Blount ya nemi 'yan sa-kai 3,500, majalisar jiha ta amince. Andrew Jackson, janar ɗin dakarun Tennessee, yana kwance a lokacin, harsashi a kafaɗarsa tun faɗan da ya yi da 'yan'uwan Benton ranar 4 ga Satumba, amma ya tashi hannu a rataye ya karɓi rundunar a Fayetteville a farkon Oktoba. Ramuwar gayya aka ambata a fili. Sai dai mutanen Tennessee sun daɗe suna kwaɗayin hanyar ruwa zuwa Mobile da kuma ƙasar noman da ke kudu da su; dubi amsar da ke kan abin da ya biyo bayan yaƙin.

Mene ne bambancin dakarun jiha da sojan gwamnati?

Dokar 1792 ta wajabta wa duk farin namiji ɗan ƙasa mai lafiya, daga shekara 18 zuwa 45, ya shiga rajistar dakarun jiharsa, ya nemi bindigarsa da banati da harsasai da kuɗin aljihunsa. Manoma ne da maƙera da masu kantuna, sukan zaɓi ƙananan hafsoshinsu da kansu, ana kiransu na wata uku ko shida sannan su koma gona. 'Yan sa-kai kuma su ne waɗanda suka ba da kansu na tsawon shekara. Sojan gwamnati shi ne mai albashi da kaki da horo.

Wannan tsari ya kusan rusa Jackson. A sansaninsa na Fort Strother abinci ya yanke, mutane suka koma cin 'ya'yan itacen jeji. 'Yan sa-kan da suka shiga ranar 10 ga Disamba 1812 suka ce shekararsu ta cika, shi kuwa ya ce watannin da suka yi a gida ba sa cikin lissafi. Zuwa tsakiyar Janairu 1814 rundunarsa ta kusan ƙarewa. Da sababbin mutane suka iso tare da Runduna ta 39 ta sojan gwamnati, ya sa aka harbe wani saurayi, John Woods, ranar 14 ga Maris 1814 bisa laifin ƙin bin umarni, domin sauran su shiga taitayinsu.

Me ya sa ba su ɗauki tutar Amurka mai taurari da ratsi-ratsi ba kawai?

A zamanin ba haka al'adar take ba. Tutar ƙasa, wadda daga 1795 zuwa 1818 take da taurari 15 da ratsi 15, ta jiragen ruwa ce da sansanoni. Babbar da Mary Pickersgill ta ɗinka wa Fort McHenry a Baltimore a 1813 irin wannan ce. Sojan ƙafa na gwamnati shuɗiyar tuta mai gaggafa suke ɗauka, da wata fara ko rawaya mai sunan rundunarsu. Sai a 1841 aka ba su izinin ɗaukar mai taurari da ratsi. Don haka gaggafar da ke kan tutar Nashville koyi ne da abin da sojan gwamnati ke yi. Yawan taurari kuwa kowa yadda ya ga dama: jihohi sun kai 18 bayan shigowar Louisiana a 1812, masu ɗinki da yawa suka bi wannan adadi suka bar na doka.

Wa ke ɗinka irin waɗannan tutoci, wa ke biyan kuɗinsu?

Dokar 1792 ta ɗora wa manyan hafsoshin kowace bataliya alhakin samar da tuta, ta ɗora wa na kamfani samar da ganga da sarewa ko ƙaho. A aikace sau da yawa matan gari ne ke haɗa kuɗi su sayi siliki, su yi ɗinkin da surfanin da hannu, ko a kai wa mai fentin allunan shaguna ya zana gaggafar. Daga nan a yi taro, a miƙa tutar da jawabi, hafsa ya yi alƙawarin ba za ta faɗi hannun abokan gaba ba.

Misalin da aka fi sani shi ne na matan Knoxville. A Fabrairu 1813 suka aika wa 'yan sa-kan Tennessee tuta ta farin siliki mai santsi, da taurari 18, da hoton kayan yaƙi, da rubutun cewa kyauta ce daga matan gabashin Tennessee. A lokacin rundunar tana Natchez, Ingila ake shirin yaƙa, ba Muscogee ba. Aka sallame su ba su harba ko harsashi ɗaya ba, Jackson ya dawo da su gida da ƙafa. Wata bakwai bayan haka da yawa daga cikin mutanen nan aka sake kira aka nufi kudu da su. Matan da suka zauna da allura suna tunanin mazajensu da 'ya'yansu, ba sa tunanin uwar da ke garin Tallushatchee na Muscogee, kuma ba wanda ya gaya musu labarinta.

Wane amfani tuta take yi a fagen daga?

Bindigar lokacin 'yar toka ce, harbi biyu ko uku hayaƙi ya rufe ko'ina, murya ba ta zuwa nesa. Tuta ita ce alamar inda layi yake da inda za a taru idan an watse. Mai riƙe ta ƙaramin hafsa ne, shi ake fara auna wa, rasa ta kuma abin kunya ne ga runduna duka. A kurmi da fadamun Alabama, inda faɗan yawanci kwanton ɓauna ne da asuba, amfaninta ya fi yawa a sansani da lokacin tafiya: ita ke tuna wa mutum cewa da maƙwabtansa ya fito, kuma labarin yadda ya yi zai riga shi isa gida.

A ina dakarun Tennessee suka yi faɗa?

Ranar 3 ga Nuwamba 1813 John Coffee da mahaya kimanin 900 suka kewaye Tallushatchee, suka kashe mayaƙa kimanin 186, mata da yara suka mutu tare da su a gidajen da aka cinna wa wuta. David Crockett yana cikin rundunar. A nan aka tsinci jariri Lyncoya kusa da gawar uwarsa, Jackson ya aika da shi gidansa, inda ya rasu a 1828 yana saurayi. Ranar 9 ga Nuwamba aka yi Talladega. Ranar 18 ga watan dakarun gabashin Tennessee ƙarƙashin James White suka auka wa garuruwan Hillabee, alhali mutanen sun riga sun aika wa Jackson neman sulhu. Waɗanda suka tsira ba su sake yarda da Bature ba har ƙarshen yaƙin. A Janairu 1814, a Emuckfaw da Enotachopco, Masu Jan Kulki suka tilasta wa Jackson ja da baya.

Ba Tennessee kaɗai ba ce. John Floyd ya jagoranci dakarun Georgia a Autossee da Calabee, Ferdinand Claiborne kuma ya kai na Mississippi zuwa Econochaca a Disamba 1813.

Me ya faru a Horseshoe Bend?

Wuri ne da kogin Tallapoosa ya lanƙwasa ya kusan kewaye wani fili, Muscogee suna kiransa Tohopeka. Menawa, jagoran Masu Jan Kulki a wurin, da mayaƙa kimanin 1,000 da iyalansu suka gina katangar gungume ta tare bakin shiga. Ranar 27 ga Maris 1814 Jackson ya iso da mutum 3,300, a cikinsu akwai 'yan al'ummar Cherokee, maƙwabtan Muscogee, kimanin 500 da Muscogee na garuruwan ƙasa kimanin 100 ƙarƙashin William McIntosh. Igwa biyu suka yi awa biyu suna dukan katangar ba ta gezau ba. Cherokee ne suka yi iyo suka kwance kwale-kwalen da ke ɗaya gaɓar, suka haye suka shiga ta baya. Sai Runduna ta 39 ta hau katangar. Manjo Lemuel Montgomery ya mutu a kanta, Sam Houston kuma, wanda daga baya ya shugabanci Texas, kibiya ta shige cinyarsa.

An ƙirga gawa 557 a filin, wasu ɗaruruwa aka harbe su a ruwa, jimilla kimanin 800. A ɓangaren Jackson kimanin 50 suka mutu. An kama mata da yara kimanin 350. Menawa ya tsira da raunuka bakwai. Yau wurin gandun tarihi ne na gwamnatin tarayya, an kafa shi tun 1959.

Masu Jan Kulki suna da tasu tuta?

Alamarsu ita ce jan kulkin nan da jan fentin jiki, domin a al'adar Muscogee ja na yaƙi ne, fari na zaman lafiya, har garuruwansu ma an kasa su ja da fari. Akwai kuma ƙullin tsinkaye da ake aika wa garuruwa, kullum a jefar da ɗaya har ranar haɗuwa. Yawancin kayansu sun ƙone tare da garuruwansu, shi ya sa a gidajen adana kayan tarihi kayan waɗanda suka ci yaƙi suka fi yawa. Mai kallon tutar siliki a bayan gilashi ya kamata ya san dalilin da ya sa ita ta rage.

Yaya za a fahimci ambaton Allah a kan tutar?

Waɗanda suka rubuta kirarin da gaske suke. Kiristoci ne mazauna bakin iyaka, sun ji labarin Fort Mims, sun yi imani suna kare iyalansu. Amma ɗaya ɓangaren ma da addu'a suka fita. Malamansu sun ce Mai Numfashi, sunan da suke kiran Mahalicci da shi, yana tare da su, sun kuma ce Econochaca ƙasa ce mai tsarki da Bature ba zai ƙetare iyakarta da rai ba. Idan kishin ƙasa shi ne tsayawa a kan ƙasar da aka binne cibiyarka, to mutanen da ke bayan katangar Tohopeka sun fi kowa cancantar wannan suna, domin su a gida suke, rundunar ce ta yi tafiyar makonni ta iske su. A ganina wannan shi ne abin da ya fi nauyi a kan tutar, kuma allon bayanin da ya tsaya ga yabon jarumtar 'yan sa-kai kaɗai bai yi wa mai karatu adalci ba.

Me ya biyo bayan yaƙin?

Weatherford ya miƙa kansa a Afrilu 1814, Jackson ya bar shi ya tafi. Ranar 9 ga Agusta aka sa hannu a yarjejeniyar Fort Jackson, Muscogee suka rasa eka kimanin miliyan 23, wato kusan rabin Alabama ta yau da wani babban yanki na kudancin Georgia. Kusan duk shugabannin da suka sa hannu abokan Amurka ne da suka yi faɗa a ɓangarenta, domin Masu Jan Kulki sun mutu ko sun gudu Florida wajen al'ummar Seminole. Yarjejeniyar Ghent ta Disamba 1814, wadda ta kawo ƙarshen yaƙin Amurka da Birtaniya, ta ce a mayar wa 'yan asalin ƙasar abin da suke da shi a 1811, Amurka ta ce wannan bai shafi Muscogee ba.

Ƙasar ta zama gonakin auduga. Alabama ta zama jiha a 1819, aka riƙa koro bayi 'yan asalin Afirka daga Virginia da Carolina a ɗaure; a 1860 bayin jihar sun haura 435,000. Jackson ya ci yaƙin New Orleans ranar 8 ga Janairu 1815, ya ci zaɓen shugaban ƙasa a 1828, ya sa hannu a dokar kwashe 'yan asalin ƙasar a 1830. Cherokee da suka yi masa iyo a Tallapoosa ba su tsira ba. McIntosh kuwa ya sayar da sauran ƙasar Georgia a 1825, majalisar Muscogee ta yanke masa hukuncin kisa, Menawa ne ya jagoranci waɗanda suka zartar.

Ina Muscogee suke yanzu?

Tsakanin 1827 da 1837 an kwashe fiye da mutum 20,000 zuwa yammacin kogin Mississippi, wasu da sarƙa bayan tashin hankalin 1836. A Oktoba 1837 jirgin ruwan Monmouth ya nutse da kimanin 300 daga cikinsu. Jikokinsu suna Oklahoma, da gwamnatinsu da majalisarsu da kotunansu a Okmulgee, suna koyar da harshensu, suna kuma da tasu tuta yanzu. A 2020 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar McGirt, ta tabbatar cewa ƙasar da aka ware musu a can ba a taɓa soke ta ba. A Alabama akwai jama'ar Poarch, waɗanda gwamnatin tarayya ta amince da su a 1984.

Na ga ana sayar da irin wannan tuta. Yaya zan gane ta gaske ce?

Kusan duk abin da ake tallatawa a intanet kwafi ne na zamani, kuma ba laifi idan an faɗi haka. Tutar 1813 ɗinkin hannu ce gaba ɗaya, domin keken ɗinki sai bayan 1846 ya fara shigowa, rinin kimiyya kuma sai 1856. Yadin siliki ne ko ulu ko lilin. Zare mai sheƙin roba ko layin ɗinki mai daidaituwa kamar na inji ya isa ya rushe da'awar. Amma yadi kaɗai ba ya tabbatar da wace runduna ce ta ɗauke ta, balle a wane faɗa. Wannan sai da takardu: wasiƙun iyali, labarin miƙa tutar a jaridar lokacin, rajistar runduna, da jerin hannayen da ta bi. Labarin "kakanmu ya ce an ɗauke ta a Horseshoe Bend" mafari ne na bincike kawai. Dubi amsar da ke kan bambancin dakarun jiha da sojan gwamnati, za ka ga rundunoni da yawa sun koma gida kafin Maris 1814.

Idan mutum ya gaji tsohuwar tutar siliki, yaya zai adana ta?

Kada a wanke, kada a yi mata guga, kada a rataye ta. Nauyinta kaɗai yana yaga zaren da ya tsufa, inda aka yi fenti kuma yakan bushe ya tsattsage. Haske shi ne babban abokin gabar siliki, na rana da na fitila duka, kuma ɓarnarsa ba ta gyaruwa. A shimfiɗa ta a kan wankakken yadin auduga ko takardar da ba ta da asid, a wuri mai duhu wanda zafi da laima ba sa hawa da sauka, nesa da kwari. Idan dole a naɗe, a yi a kan faffaɗan bututu, ba ninki ba. Kada a liƙa mata salatif ko gam, kada a cike inda ya yage da sabon ɗinki. A ɗauki hotonta gaba da baya, a rubuta duk abin da dangi suka sani da sunan wanda ya faɗa, sannan a nemi ƙwararren mai gyaran tsofaffin yadudduka ta hannun gidan adana kayan tarihi mafi kusa.